Jawabi a kan Gyaran Kuskuren Babba da Rufin Asiri a Majalisar Karatu

 

Ya ku malamaina da 'yan'uwana almajirai, an umurce ni in yi magana a wannan zama, ni kuwa ba ni ne mafi sani a cikinku ba, ga waɗanda na durƙusa a gabansu na ɗauki karatu suna zaune. Amma tun da an ce in faɗa, zan faɗa a kan wani abu da ba a tara shi a babi guda ba cikin littattafan da mu ke karantawa, ko da ya ke yana nan warwatse a cikinsu, watau abin da mutum zai yi sa'ad da abin kunya ya auku a wurin aikinmu. Wurin aikinmu kuwa kun san shi: zaure, da tsangaya, da darasu, da limanci, da jan baki, da wurin ɗaurin aure da raɗin suna. Maƙeri yana da maƙera, alƙali yana da majalisarsa, mu kuwa buzu ne namu. A kan buzun nan harshe ya kan zame, iska ta kan kuɓuce wa mutum, a kan tambayi malami abin da bai sani ba a gaban almajiransa. Abin da mutanen wurin suka yi cikin ɗan lokacin nan, wanda bai kai tsawon karanta Fatiha ba, ya kan ƙara wa zumuncin shekara 20 ƙarfi, ya kan kuma tsinka shi.

Zan fara da laifina, domin kada wani ya ce na zo ina nuna wa mutane yatsa. Ina ɗan shekara 24 na yi jan baki ga wani dattijon malami a tafsirin watan azumi, a wani gari da ba zan ambata ba. Mutum ne da ya daɗe yana wannan tafsiri tun ba a haife ni ba, ni kuwa sa'an nan na haɗa hadda, jinina yana tafasa, ina jin babu aya da za ta gifta ni. Ran nan muna cikin Baƙara, muka zo ayar da ta ke zancen umurnin da aka yi wa Bani Isra'ila game da alƙarya. Kun sani akwai 'yar'uwarta a cikin A'arafi, masu kama da juna ƙwarai, sai dai ta Baƙara da shiga ta zo, ta A'arafi da zama ta zo, kuma an gabatar da zancen ƙofa a ɗaya, an jinkirta shi a ɗayar. Na ja ta Baƙara. Malam kuwa, ga azumi, ga zafin rana, ga shekaru, sai ya ɗauki fassarar ta A'arafi. Ban yi wata-wata ba, da lasifika a bakina, na ce, "Ba haka ba ne, Malam." Masallaci ya yi tsit. Ya dube ni kaɗan, ya ce, "Yaro ya yi gaskiya, maimaita." Na maimaita, ya fassara daidai, aka ci gaba.

Na koma masauki ina ganin na tsare Littafin Allah. Da aka sha ruwa sai wani tsohon gardi, wanda ya yi wa malamai da yawa jan baki, ya kira ni bayan masallaci ya ce, "Ɗana, wa ya koya maka jan baki?" Na ce ba wanda ya koya mini, karatu na iya. Ya ce, "Shi ya sa. Kadan malami ya zame, mai jan baki ba ya magana, sai ya sake jan ayar sannu, ya ɗan danna kalmar da aka kuskure. Malami ya ji, ya koma da kansa, jama'a su zaci maimaitawa ce don daɗin murya. Gyara ya samu, girma ya tsira." Wannan magana ta zauna mini, amma ta zo bayan aikin gama ya gama. Kafin salla zancen ya bazu cikin gari cewa Malam ya fara rikicewa, har yaronsa ke gyara masa. Da shekara ta kewayo masu masallaci suka kawo wani. Shi bai taɓa nuna mini fushi ba har ya rasu, Allah shi jiƙansa, kuma rashin fushin nan ya fi yi mini ciwo bisa ga da ya zage ni. Abin da na faɗa gaskiya ne, ba na shakka. Sai dai akwai hanya biyu zuwa ga gaskiyar nan, na bar wadda ba ta kashe kowa, na bi ɗayar.

To, ku dubi yadda sahabbai suka yi da irin wannan. Hadisin Zul Yadaini yana cikin Muwaɗɗa, da yawanku kun karanta shi a babin rafkanuwa, amma mu kan karanta shi don mu san ƙabli da ba'adi kaɗai, mu bar ladabin da ke ciki. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sallame bayan raka'a 2 a sallar da ta ke raka'a 4. A cikin sahu akwai Sayyidina Abubakar da Sayyidina Umaru, kwarjini ya hana su magana. Zul Yadaini ne ya yi magana, kuma bai ce an yi kuskure ba. Tambaya ya yi, ya ajiye abu biyu a gaban Annabi, ko an rage salla ne, ko kuwa mantuwa ce. Ku lura, ya gabatar da wanda babu aibi a cikinsa, domin zamanin saukar wahayi ne, hukunci ya kan sake. Annabi kuma bai tsaya ga zatonsa ba, ya juya ya tambayi jama'a, suka tabbatar, ya cika abin da ya rage, ya yi sujada biyu bayan sallama. A nan akwai darasin ƙarami, ya yi magana da siffar tambaya, kada kuma ya yi shiru salla ta tafi a tauye. Akwai darasin babba, ya karɓa, ya bincika, ya gyara a take ba da neman uzuri ba.

Ni a wurina siffar tambaya ita ce makamin almajiri. "Allah gafarta Malam, a nawa littafin na ga kaza, ko kuskuren mai rubutu ne?" "Allah gafarta Malam, ban fahimta ba, a sake mini." Malami mai hankali zai gane abin da ka ke nufi tun ba ka rufe baki ba. Kadan kuwa mas'alar ba ta gaggawa ba ce, ba wanda zai tashi ya aikata da ita yau, ka bari sai an watse, ka ɗauki littafin ka bi shi cikin gida. Amma kada a ɗauki wannan a mai da shi tsoro. Kadan malami ya gaya wa mutum matarsa ta saku alhali ba ta saku ba, ko ya raba gado ya hana mai rabo rabonsa, ga masu abin za su tashi su tafi, to a nan shiru cin amana ne. Ka matsa kusa da shi, ka yi ƙasa da murya, ka roƙi a dakata a sake duba littafi kafin kowa ya fita.

Gyaran liman a cikin salla ma yana da iyaka, kuma yaran da suka karanta Ahalari sun san ta: ba a buɗe wa liman karatu sai ya tsaya yana jiran a buɗe masa, ko kuwa ya ɓata ma'ana. Amma je ka masallatanmu a sallar asham ka gani. Liman ya ɗan ja numfashi, sai murya 5 ta taso daga sahu 3, kowa da nasa, wani daga can ƙarshe yana ɗaga murya don a san ya iya. Wanda ya san wurin da ya ke sai ya ɓace gaba ɗaya. Abin da na ke yi a inda na ke limanci, tun daren farko na kan sa alaramma guda a bayana, in sanar da jama'a shi kaɗai ke da gyara. Tun da na fara haka ban sake jin hayaniya ba.

Akwai kuma gyaran da shi kansa kuskure ne, wannan kuwa ya yawaita a zamaninmu. Ƙasarmu ta gaji ruwayar Warshu, wanda ya rasu a Masar shekara ta 197 bayan hijira, daga Nafi'u na Madina. Da ita kakanninmu suka rubuta alluna da Alƙur'anan hannu. Daga baya bugun Alƙahira na shekarar 1924 ya bazu cikin duniya da ruwayar Hafsu daga Asimu, sa'an nan maɗaba'ar Sarki Fahad ta Madina, wadda aka buɗe a 1984, ta cika hannun alhazai da shi, har ya zama yaro ya kan tashi bai taɓa jin wata ruwaya ba. Na ga saurayi ya tsai da dattijo a cikin Fatiha don bai ja mimin "maliki" ba, alhali haka Warshu ya karanta. Na ga wani ya ɗauki allon yaro ya ce an rubuta fa a wurin ƙaf, bai san a rubutunmu ƙaf ɗigo ɗaya gare shi a bisa, fa kuwa ɗigonsa a ƙasa ya ke ba. Haka nan na ga gardi ya yi wa mai karatun Hafsu tsawa yana cewa ya zo da sabon Alƙur'ani. Duka jirgi ɗaya ya kwaso su. Sayyidina Umaru da kansa ya ji Hishamu ɗan Hakimu yana karanta Suratul Furƙani ba yadda shi aka koya masa ba, ya kusa afka masa a cikin salla, ya daure har ya sallame, sa'an nan ya riƙe shi da mayafinsa ya kai shi gaban Annabi. Annabi ya sa a sake shi, ya saurari karatun kowannensu, ya tabbatar wa kowa cewa haka aka saukar. Kadan Umaru ya iya yin zaton kuskure a inda babu, ni da kai fa? Saboda haka kafin ka gyara wa baƙo karatu, tambaye shi tukuna, "Malam, da wace ruwaya?"

Yanzu in juya ga wanda aka yi wa gyara, domin mu malamai nan ne mu ka fi rauni. Yaro ya gyara maka a gaban mutane, ko da da rashin ladabi, kuma gaskiya tana tare da shi. Zuciya za ta ce maka ka kawo wani ƙauli, ka ce ai akwai saɓani, ka nutsar da shi cikin larabcin da bai kai ba. Kada ka yi. Almajiranka suna kallo, abin da ka yi ran nan shi za su yi sa'ad da suka zauna a nasu buzun. Ka ce ya yi daidai, ka sa masa albarka, ka koma kan karatu. Zancen rashin ladabinsa kuwa ka ajiye shi sai kun keɓe, kamar yadda gardin nan ya yi mini. Haka kuma kadan an tambaye ka abin da ba ka sani ba. Imamu Malik, wanda ya rasu a 179, mutum ya zo masa daga tafiyar wata 6 da mas'alar da mutanen garinsu suka aiko shi da ita, ya gaya masa bai iya ta ba. Mutumin ya ce to me zai gaya wa mutanensa, ya ce ya gaya musu Malik ya ce bai iya ba. An kuma ruwaito an tambaye shi mas'ala 48, ya ce bai sani ba a cikin 32. Mu kuwa da ba mu gama Iziyya da kyau ba, a tare mu a bakin kasuwa da mas'alar gado mai kakanni da 'yan'uwa, mu yanke ta a tsaye don kada a ce Malam ya kasa. Ni na kan ce, "Ka dawo bayan la'asar, zan duba," ko in ce, "Wannan fannin wane ne, je ka wurinsa ka ce ni na aiko ka." Ban taɓa ganin almajiri ya bar ni saboda wannan ba.

Sai abin da mutane ba su son ambata, amma yana aukuwa a kowace majalisa, watau abin da ke fita daga jiki ba da nufi ba. An ruwaito Sayyidina Umaru yana zaune da jama'a sai aka ji wari, ya ce wanda ya yi ya tashi ya yi alwala. Jariru ɗan Abdullahi Albajali ya ce, ya Sarkin Musulmi, ko dai dukanmu mu tashi mu yi? Umaru ya yaba masa ƙwarai a kan wannan. Hatimu na Balhu, wanda ya rasu a 237, ana ce masa Kurma alhali kunnensa lafiya lau. Dalili, wata mace ta zo tambayarsa mas'ala, iska ta kuɓuce mata da ƙara, kunya ta rufe ta, shi kuwa ya ce ta ɗaga murya ba ya ji sosai. Ta tafi da zuciya a sake, shi kuma sunan ya bi shi. Shari'a ma ta tanadi mafita: wanda alwalarsa ta karye a cikin salla ya riƙe hancinsa ya fita, mai gani ya zaci haɓo ne, Muhtasar kuwa ya lissafa wannan cikin abubuwan da a ke so ga liman sa'ad da zai wakilta wani ya fita. A makarantar allo, kadan wannan ya sami yaro sauran suka fashe da dariya, ba na neman wanda ya yi, ba na dukan masu dariya, zama duka yana ƙara wa abin tsawo. Na kan ɗaga murya da karatu in ce kowa ya bi ni. Kadan ƙolo ya yi fitsari a zaune, na kan aike shi ɗebo ruwa ta ƙofar baya, in sa babban yaro guda mai riƙon asiri ya bi shi. Yaron da aka yi wa laƙabi da irin wannan abu, sau da yawa ba ya ƙara son allo.

Wayar hannu ta kawo mana nata. Dattijo yana sahun gaba waya ta ɗauki kiɗa cikin aljihunsa, hannu yana rawa bai sami maɓallin ba. Kunyar da ya ji ta ishe shi, ba ya bukatar liman ya juyo bayan sallama ya yi wa'azin rabin sa'a kowa ya san da wa a ke. Annabi, sa'ad da zai gyara abu a bainar jama'a, ya kan ce me ya sami waɗansu mutane, ba ya kama suna, amma a masallacin da mutum 20 ke salla wannan ma kama suna ne kadan an yi shi a take. A bari sai wata rana. Abin da ya fi wannan muni shi ne ɗaukar murya. Kuskuren da na yi wa malamina ya tsaya a gari guda. Yau almajiri ya kan ɗauki tuntuɓen harshen malami, ya yanke gaba ya yanke baya, ya tura a WhatsApp, kafin asuba an ji shi a Kano da Damagaram da Kumasi, gyaran da malamin ya yi bayan numfashi guda kuwa ba wanda ya tura shi. A zaurena na sharɗanta wa masu ɗauka cewa wanda ya ɗauki karatu ya ɗauke shi duka, kuma kada ya fitar sai na saurara.

Sauran ƙanana ne, zan bi su da sauri. Tsohon almajirinka ya zo da fara'a bayan shekara 15, sunansa ya ɓace maka. Kada ka yi ta kame-kame kana kiransa da sunan wani. Ka ce, "Ɗana, fuska na sani, tsufa ya ɗauke suna, tuna mini," sa'an nan ka tambaye shi mahaifinsa da inda ya tsaya a karatu. Uban yaro ya kwana biyu bai aiko da kuɗin Laraba ba, kada ka tambayi yaron a gaban 'yan'uwansa, ba shi ne mai aljihun ba. Ka sami uban a keɓe, watakila abin da ke gidansa ya fi naka tsanani. Malamai biyu sun haɗu a wurin ɗaurin aure ko jana'iza, kowa yana tura ɗan'uwansa gaba, "Bismilla Malam," "A'a, Malam bismilla," har rana ta yi wa mutane zafi. Limamin wuri da mai gida su ne masu haƙƙi a wurinsu, kadan sun gabatar da kai ka ƙi sau ɗaya don ladabi, na biyu ka wuce. Ka shiga ofis ko asibiti neman wata bukata, ma'aikaciya ta miƙo maka hannu, kai kuwa ba ka musafaha da mata. Kada ka ja da baya kamar ka ga wuta, kada ka ɗaure fuska. Ka riga ta sa hannunka a ƙirji, ka ɗan rusuna, ka cika gaisuwa da baki, ka tambaye ta aiki da gajiya. Na yi haka ba sau ɗaya ba, ban ga wadda ta riƙe ni da shi ba.

Akwai guda da har yau ina fama da shi, shi ne mai wa'azin da aka ba ɗan lokaci a walimar sauka ya riƙe lasifika ya ƙi saki, abinci yana hucewa, yaran da za su karanta allunansu suna gyangyaɗi, shi kuwa babba ne ba mai iya ce masa ya isa. Na gwada tura takarda, ya sa ta aljihu bai duba ba. Na gwada tsayawa kusa da shi, ya zaci na zo taya shi ne. Abin da ya ɗan yi mini amfani shi ne in gaya masa tun kafin ya fara, a gaban mai gida, cewa ga lokacin da za a kira salla, kuma shi mu ke roƙo ya rufe da addu'a kafin nan. Wanda ya san an ajiye masa addu'ar rufewa ya kan yi hanzarin isa gare ta.

Ga ladan can ya miƙe, kada in zama mutumin da na gama ba ku labarinsa. Wanda ya ga kuskure a cikin abin da na faɗa, ina nan a zauren baya har bayan la'asar.